Gyara Hilux ta zama motar daji a gida: daga ina ake farawa?

Wani ɗan'uwa daga yankin Nguru ya aiko da tambaya. Yana da Hilux ƙirar 2008 mai ƙofa huɗu, injin fetur 2.7, giyar hannu. Da damina yana shiga gonarsa ta shinkafa a fadama, da rani kuma yana bin hanyoyin rairayi zuwa kasuwannin wajen Yusufari. Ya ce yana so ya ɗaga motar sama sosai, ya sa mata manyan tayoyi da bamba ta ƙarfe da winci, wato injin da ke jan mota da waya in ta kafe, kuma shi da wani mai walda za su yi aikin a ƙofar gida. Me zai fara saya?

Malam, Allah ya sa albarka a motar. Na daɗe ina kwanciya ƙarƙashin irin waɗannan motoci, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne ka ajiye batun ɗagawa tukuna. Cikin abubuwan da ka lissafa, shi ne mafi ƙarancin amfani a hanyoyin da kake bi, kuma shi ne ya fi saurin jawo maka asara.

Motarka a yadda kamfani ya ƙera ta ba ƙaramar mota ba ce. Direbobin Agadas da ke ratsa Tenere zuwa Dirku da irinta suke tafiya. Abin da suka riƙe shi ne sanin iskar taya, da mai, da ruwa, da lafiyar inji. A 1987 ma da sojojin Chadi suka kori na Libiya daga garin Fada, a kan akori-kura na Toyota suka yi, har aka sa wa yaƙin sunan motar. Saboda haka aikinka na farko shi ne ka dawo da ita cikin hayyacinta.

Ka shiga ƙarƙashinta da tocila. Ka tabbatar akwai farfela biyu, ɗaya ta nufi baya, ɗaya ta nufi gaba, kuma akwai tulun aksul a gaba da shaf biyu da ke shiga tayoyi. Ina faɗin haka ne don akwai Hilux masu tsayi da yawa a kasuwa waɗanda tayoyin baya kaɗai ke jan su, akwai kuma waɗanda aka cire musu farfelar gaba tun da daɗewa saboda ta fara ƙara, aka sayar da su haka nan. Ka kai ta kan ƙasa mai laushi ka sa ƙaramar giyar nan da makanikai ke kira ogzilari, 'yan Nijar kuma kat-kat, a H4 sannan a L4, ka ga ko tayoyin gaba suna haƙa. A L4 ƙarfin juyin taya yana ninkuwa kusan sau biyu da rabi, za ka ji motar tana rarrafe da kanta ba ka taɓa totur ba. Amma kada ka yi wannan gwaji a kan kwalta. Tsarin Hilux yana ɗaure gaba da baya su juya daidai wa daida, in taya ba ta sami inda za ta ɗan zame ba, wahalar a kan haƙoran giya take ƙarewa.

Daga nan ka ƙwanƙwasa shasi da guduma tun daga gaba har baya, musamman inda sifirin na baya ya rataya da kuma tsakanin ɗakin mota da bodi. Motar da ta yi zaman ƙasashen ƙanƙara, inda ake zuba gishiri a titi, takan ruɓe ta ciki alhali fenti yana ƙyalli a waje. In gudumar ta lotsa ƙarfe, to maganar gyaran daji ta tsaya sai an magance wannan. Ka canza man giyabos, da na ogzilari, da na aksul biyu. Ka duba boljoyin, tayarod, bushin, robar da ke rufe shaf, da birki. Ka wanke lagireto ciki da waje, ka daina zuba mata ruwan rijiya, kuma in wani ya cire maka tamostat da sunan wai ƙasarmu da zafi, ka mayar da ita. Tafiya cikin rairayi tana dafa inji fiye da kowace irin tafiya, domin injin yana kuka da ƙarfi amma motar ba ta gudun da iska za ta sanyaya shi.

To, yanzu taya, inda nake so ka fi kashe kuɗi da tunani.

Abin da ke fara dukan ƙasa in ka shiga sawun da tarakta ko babbar mota ta haƙa shi ne tulun aksul na baya. Shi kuwa wannan tulu ba ruwansa da sifirin. Ko ka ɗaga motar har sai an hau ta da tsani, tulun yana nan inda yake, domin a kan tayoyi yake zaune. Tsayin taya ne kaɗai ke ɗaga shi, shi ma rabin abin da ka ƙara. Bari mu yi lissafi. In motarka tana kan 205R16, irin wadda ke zuwa a Hilux na aiki, tsayin tayar milimita 734 ne. 265/70R16 tana da 777, wato ka sami ƙarin milimita 21 a ƙarƙashin tulu. 265/75R16 tana da 804, ƙarin 35. Babbar nan da samari ke so, 285/75R16, tana da 834, ƙarin 50 kacal, bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Ga kuma abin da za ka biya a kan wannan 50 ɗin: tayar ta fi ta asali girma da kusan kashi 14 cikin ɗari, don haka ƙarfin jan motar ya ragu da misalin haka a kowace giya, birki ya yi sanyi, kuloci zai riƙa ƙonewa a wajen tashi, mai zai ƙaru, agogon gudu zai nuna maka 100 alhali kana kusa da 114, kuma sai an yanke madigadi da gindin bodi kafin sitiyari ya juya har ƙarshe. Injin 2TR da ke motarka inji ne mai haƙuri da tsawon rai, amma ba shi da ƙarfin ja daga ƙasa irin na injin gas mai turbo. Babbar taya tana kashe masa gwiwa, sai dai in za ka canza haƙoran aksul gaba da baya, wanda kuɗinsa ya isa ya saya maka tayoyi gaba ɗaya.

Ni a wurinka, 245/75R16 ko 265/70R16 zan saya. Ka nemi mai harafin LT a jiki, mai fala takwas ko goma, saboda ƙayar aduwa da kututturen gona gefen taya suke nema. Ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT: 2321 na nufin mako na 23 a shekarar 2021. Tayar Kwatano da ta haura shekara shida, ko zanenta yana nan sabo, robar ta bushe, kuma ranar da ka rage mata iska a rana tsaka ita ce ranar da za ta tsage. Batun zane kuwa, ka faɗa tsakanin abu biyu masu gaba da juna. Laka tana son zane mai manyan haƙora da ke tofar da taɓo, rairayi kuwa irin wannan zanen haƙa shi yake kamar fartanya har motar ta zauna a kan cikinta. Tunda mota ɗaya ce za ta yi duka biyun, ka ɗauki mai matsakaicin zane da ake rubuta wa A/T. In da hali, ka ajiye wasu huɗu masu M/T, wato zanen laka, a kan rim ɗinsu, ka ɗaura su daga Yuli zuwa Oktoba. Rim kuma na ƙarfe mai inci 16 ya fi maka na alminiyom mai 18 ko 20: in ya lanƙwashe guduma tana miƙar da shi a ƙauye, kuma yana barin gefen taya da tsawo, wanda shi ne abin da kake buƙata in za ka sauke iska. Duka huɗun da safaya su zama girma ɗaya.

Sauke iska shi ne sirrin da ya fi duk wani ƙarfe da za ka liƙa wa motar. Masu faci sun saba cika taya geji 45 ko 50, har ta zama kamar dutse. Da wannan iskar ko sabuwar mota ce za ta kafe a tudun rairayi na farko. Ka sauke zuwa 18, in rairayin ya yi laushi sosai zuwa 15, sai tafin tayar ya miƙe ya yi tsawo, motar ta riƙa tafiya a bisa yashi maimakon ta nutse. A burji mai gargada 26 zuwa 28 yana rage jijjiga da fashewa. Sharaɗi biyu ne: da ƙarancin iska ba a gudu, ba a kuma murɗa sitiyari da ƙarfi, in ba haka ba taya ta fita daga bakin rim, kuma da zarar ka hau kwalta ka mayar da iskarka, don taya mai ƙarancin iska tana zafi ta fashe. Ke nan kafin winci, kafin bamba, ka sayi gejin hannu mai kyau da famfon iska na lantarki irin wanda ake maƙalawa kai tsaye a batir. Ƙaramin nan na wurin kunna sigari ba zai cika taya huɗu a zafin Afrilu ba.

Sai ɗagawar. Ban ce haramun ba ce. Inci biyu, wato milimita 50, yana taimakon ciki da hanci da wutsiyar mota su daina gogar ƙasa a bakin kwari. Amma nan ne iyaka ga ƙirar motarka. Hilux na da, kamar waɗanda aka yi kafin 1997, sandar aksul ɗaya ce a gaba a kan sifirin mai fala-fala, suna jure ɗagawa. Motarka kuwa kowace tayar gaba zaman kanta take, tulun gaba a manne yake da shasi, shaf ne ke sauka daga gare shi zuwa taya. Duk ƙarin tsayi ƙarin karkacewar shaf ne. Ka wuce inci biyu, robar shaf ta fara yagewa, giris ya fita, yashi ya shiga, boljoyin na sama ya kai ƙarshen juyinsa, alaimen ya ƙi zama. Na sha karɓar motocin da aka cusa wa ƙarfe mai kauri a saman shakazoba, bayan wata biyu shaf yana ƙas-ƙas a kowace kwana. Ka sani kuma, saboda yadda hannun tayar yake, ƙarfe mai kaurin milimita 25 a saman shakazoba yana ɗaga motar kusan ninki biyun haka. Abin da ya fi shi ne sifirin da shakazoba da aka ƙera tare don wannan tsayin da kuma nauyin da za ka ɗora.

A baya, ƙarin fala ɗaya a kowane gefe ya wadatar ga mai ɗaukar buhuna. Kada ka yarda a gasa sifirin da wuta a lanƙwasa shi, wutar tana kashe ƙarfen, zai kwanta ko ya karye. Ka sa sababbin ƙusoshin nan masu siffar U, ka sake ɗaure su bayan tafiyar kilomita 500. Sannan akwai wani abu da kusan kowa ke mantawa: a motocin da ba su da ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, akwai wani bawul a saman aksul na baya, mai siririn ƙarfe da ke auna yadda kaya suka danne motar, yana ƙara wa birkin baya ƙarfi gwargwadon nauyi. In ka ɗaga motar ba ka ɗaga maƙalinsa daidai da haka ba, zai ɗauka kullum motar ba kaya, ya rage birkin baya ko da buhu goma ne a kai. Ka duba tiyon birki ma, kada ya ɗaure in taya ta rataya. Notin bushin kuwa sai motar ta sauka a kan tayoyinta ake ƙarasa ɗaure su.

Tunda a gida za ku yi, ina roƙonka da Allah kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar tana kan jak kaɗai, ko a kan bulo. Bulo ba ya gargaɗi, rugujewa yake yi lokaci ɗaya. Mai waldarka zai iya haɗa maka ƙafafun ƙarfe huɗu masu faɗin gindi a yini guda. Sifirin ɗin gaba mai murɗi kuma a matse yake da ƙarfin da zai iya fasa kan mutum. Ku cire shakazobar gaba ɗayanta ku kai wa mai injin matsewa ya raba, kada ku gwada da igiya ko waya.

Aikin da mai walda zai yi maka da ya fi bamba amfani shi ne farantin kare ciki. Ƙarfe mai kaurin milimita 3 ya isa, daga ƙasan lagireto zuwa tukunyar baƙin mai, wani kuma a ƙarƙashin ogzilari da tankin mai. Za ka sami irinsa a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. A ɗaure shi da noti a ramukan da kamfani ya riga ya huda, a bar ƙofar zubar da mai da ramukan da laka za ta fita. Ba a walda a jikin shasi barkatai, ba a kuma huda leɓensa na sama ko na ƙasa, daga nan tsagewa take farawa. Duk waldar da za a yi a jikin motar, a cire kan batir tukuna saboda ƙwaƙwalwar injin. Da kaka kuma, in ka ratsa ciyawa, ka riƙa leƙawa kana zare busasshiyar da ta taru tsakanin farantin da salansa. Motoci da yawa a daji haka suke kamawa da wuta. Ka ɗaure tukunyar kashe gobara inda hannunka zai kai kana zaune.

Ga wani ƙaramin aiki mai arha da zai cece ka a fadama. A saman kowane aksul da giyabos akwai ɗan hancin shaƙar iska. In ƙarfe ya yi zafi ka tsunduma shi cikin ruwan sanyi, iskar ciki tana tsukewa, ya zuƙo ruwa. Bayan sati ka buɗe ka ga mai ya koma kamar kunu, beyarin sun fara ci. Ka cire hancin na baya, ka sa bakin tiyo, ka ja tiyon mai har sama cikin ɗakin inji ko bayan fitilar baya, ka sa ƙaramar filtar fetur a ƙarshensa. Haka za ka yi wa sauran.

Bututun shaƙar iska da ake hawarwa gefen gilashi yana da amfani biyu, ruwa da ƙura, kuma a hanyar rani na biyun ya fi yawa. Ruwa ba ya matsuwa, ko kofi ɗaya ya shiga silinda yana iya lanƙwasa sandar fistin. In za ku haɗa da kanku, faɗin bututun kada ya gaza na asali, kuma kowace gaɓa a toshe ta. Gwajinsa shi ne a tayar da inji a rufe bakin da faffaɗan katako na ɗan lokaci; in injin bai nemi mutuwa ba, akwai inda yake shaƙa. Amma bututu ba ya mayar da mota kwalekwale. Ko sababbin Hilux na bayan 2015 santimita 70 kamfani ya yarda su shiga. Ruwan da ba ka sani ba, ka sauka ka taka da ƙafa, in ya wuce gwiwa kuma yana gudu har yana ture ka, ka jira ya janye.

Yanzu nauyi, wanda shi ne abin da ke karya motocin da aka yi wa ado. Akwai faranti a jikin motar da ke nuna iyakar nauyinta gaba ɗaya. Mu ɗauka abin da ya rage maka na ɗauka kilo 900 ne. Mutum biyar, 350. Bamba ta ƙarfe da winci, 90. Safaya ta biyu, 30. Jarka huɗu na fetur, 75. Ruwa, 40. Jak da shebur da kayan aiki, 50. Farantin ciki, 25. Ragar kaya a sama, 50. An tashi 710. Saura 190, bai kai buhu biyu masu kilo ɗari-ɗari ba, kai kuma manomin shinkafa ne. Ka ga ke nan kowane ƙarfe da mai walda ya liƙa, daga cikin buhunanka aka cire shi. A mota mai ƙofa huɗu kuma yawancin bodin a bayan aksul yake, in ka tara nauyi can wutsiya kana dukan gargada, shasi yana lanƙwashewa daidai bayan ɗaki. Mai nauyi ya matso gaba ya zauna ƙasa. Jarkoki a kan rufi, a motar da aka riga aka ɗaga, su ne ke kifar da ita a gefen tudu.

Bamba in dole ne, a yi ta mara nauyi, kada ta toshe iskar lagireto. Ka sani kuma in motar tana da jakar iska ta haɗari, bamba mai tauri da aka haɗa a gida tana iya sauya lokacin da jakar za ta buɗe. Winci shi zan sa a ƙarshe. Wanda ya dace da nauyin motarka shi ne mai jan fam 9,500, yana zuƙar wuta har amfiya 400 in ya ɗauki nauyi, sai da batir mai ƙarfi da waya mai kauri. Sannan me za ka ɗaura shi a kai? A tuddan Yusufari da tsakiyar fadama itacen kirki ba ya samuwa inda kake so, sai dai ka haƙa rami ka binne safaya ka ja daga jikinta. Shebur mai dogon ƙota, faranti biyu na sawa a ƙarƙashin taya, jak na mai da faffaɗan katakon da zai zauna a kai, da igiyar ja mai ƙarfi za su fitar da kai sau tara cikin goma. Wurin ɗaura igiyar kuwa a yi shi da ƙarfe mai kauri, a ɗaure a shasi da ƙusoshi masu lamba 8.8 ko sama. Kada a taɓa maƙala igiya a ƙwallon jan tirela ko ƙananan zobban ɗaure mota a jirgi. In suka tsinke fitowa suke kamar harsashi, sun kashe mutane. Masu taya ka turi su matsa nesa kafin a ja.

In kuɗi ya ragu bayan duk wannan, makullin aksul na baya ya fi winci amfani a laka. Aksul na yau da kullum yana tura ƙarfi ga tayar da ta fi samun sauƙin juyawa, shi ya sa za ka ga ɗaya tana wulwulawa a taɓo, ɗayar tana tsaye a busasshiyar ƙasa. Ka ɗaga bayan motar, giya a firi, ka juya taya ɗaya da hannu. In ɗayar ta bi ta gefe guda, kana da mai ɗan riƙo, sai ka riƙa sa masa man da aka rubuta wa LSD. In ta juya akasin haka, buɗaɗɗe ne. Kamfanoni irin su ARB da Eaton suna yin makulli mai maɓalli, amma ɗaura shi aikin wanda ya iya saita haƙoran aksul ne, ba na ƙofar gida ba. Wani zai ce maka a walde haƙoran kawai a huta. Kada ka yarda, motar da ke hawa kwalta da kaya za ta riƙa cin taya, tana ƙin kwana, ƙarshenta shaf ya karye.

Duk fitila ko famfon da za a ƙara, a sa masa fis kusa da batir da rile nasa, wayar kuma ta bi ta cikin roba duk inda ta ratsa ƙarfe. Fenti kuwa, ka bar ta fara ko kalar da take a takarda. Dokar Nijeriya ta hana farar hula fentin mota da koren soja, kuma a yankinku, da halin tsaron da ake ciki, Hilux mai kalar rairayi ko ta kaki da ƙarafa a baya tana iya sa a ɗauke ka abin da ba kai ba tun daga nesa.

In kun gama, ka kai ta alaimen, sannan ka ɗora mata irin kayan da ka saba ɗauka ka fita wani wuri kusa da gari tare da wata motar. Ka kafar da ita da gangan a rairayi, ka sauke iska, ka fitar da ita da shebur da faranti, ka ga minti nawa famfonka ke ɗauka kafin ya mayar da taya huɗu. Ka taka birki da ƙarfi a burji ka ji ko tana ja gefe. Da ka dawo gida ka bi duk notin da kuka taɓa da sifana, ka ɗiga wa kowanne fenti a gefe, don gobe in ɗaya ya motsa ido kaɗai zai nuna maka.